Matacin da Ya Yi Ƙamshin Hano

Cikin duk shekarun da na yi ina gyaran na'urorin asibiti a yankin Dogon Dutsi da Tibiri, ranar da ba ta taɓa fita a raina ba ita ce wata Alhamis ta tsakiyar damina. Duk sanda na ga ɗayanku ya zare mataci daga cikin inji ya wurga a kwandon shara bai kai shi hanci ba, ita nake tunawa. Na san kuna yi mini dariya a bayan ido, har na ji sunan da kuka sa mini, wai Arzika mai shinshine-shinshine. Ba komai, sunan bai yi mini ciwo ba. Amma tunda na kusa ajiye aiki, gara in gaya muku inda na samo halin.

Saboda waɗanda ba 'yan sana'armu ba, bari in fara da bayanin injin numfashi. Ana ajiye shi kusa da gadon wanda numfashi ya yi wa wuya. Tsayinsa bai kai ƙugun mutum ba. Iskar ɗakin da yake ciki yake zuƙa ta bayansa, ya ware oksijan daga cikinta, ya turo shi ta wani siririn tiyo zuwa hancin majinyaci. Kafin iskar ta shige cikinsa sai ta bi ta ƙofa biyu. Ta farko soso ne a waje, mai tare ƙura da gashi da ƙwari, shi ana wanke shi duk mako a shanya a mayar. Ta biyu mataci ne a ciki, farar takarda mai ninki-ninki a cikin kwanson roba, wanda muke ce wa filtir. Aikinsa kama abin da ido ba ya gani, irin ƙananan ɓurɓushin da ke cikin hayaƙi, waɗanda soso ba ya ko jin wucewarsu. Shi ba a wanke shi, sai dai a sa sabo, kuma a ɗaki mai tsabta yakan yi watanni da yawa. Idan ya toshe, injin zai yi ta gurnani yana zafi, oksijan ya ragu, koriyar fitilar da ke gabansa ta koma rawaya.

A lokacin ni kaɗai ne mai gyara a distrik, wato ofishin da ke kula da duk gidajen likita na yankin, kuma babban likita ne shugabana kai tsaye. Ranar Litinin da safe ya kira ni ya ce majo na wani gidan likita da ke gaba da Ɗan Kassari ya bugo waya, injinsu ya kunna rawaya, kuma akwai jariri a kansa. Majo shi ne malamin jinyar da ke shugabantar gidan likitan ƙauye. Sunan garin zan bar shi a cikina. Bisa ƙa'ida, jariri irin wannan Dutsi ake kawo shi, amma ƙoramar da ke tsakani ta kawo ruwa, ambilans ba ta iya tsallakawa. Moto kam, wato babur, maza huɗu na iya ɗaga shi su ƙetare da shi. Jariri mai ciwon ƙirji kuwa, idan aka raba shi da oksijan aka ɗora shi a moto, ba lalle ne ya kai gaɓar can ba.

Na buɗe kabad na tarar sabon mataci ɗaya ya rage mana. Na jefa shi a jaka tare da turnabis ɗin kwance ƙusoshi da sauran ƙarafuna, na ɗaure a bayan moto na kama hanya.

Majo Nasiru na tarar, matashi ɗan Dutsi mai ɗan gemu da wando iya ƙwauri. Yaro ne mai ƙwazo, ɗakunansa tsaf-tsaf, sai dai bakinsa kaifi gare shi. Ya kai ni ɗakin yara. Jaririn na kwance, bai daɗe da yin arba'in ba, ƙirjinsa na lotsawa yana tasowa da sauri. Uwarsa Hadiza, yarinya mai shiru, na zaune a bakin gado. A kan tabarma kuma ga kakarsa ta wajen uba, Inna Kulu, siririyar tsohuwa mai tsagar Arewa a kumatu. Na tambayi sunan yaro, majo ya ce a takarda Abubakar ne, amma Ajuji suke kiransa. Ban ƙara tambaya ba. Duk ɗan ƙasar nan ya san ba a ce wa yaro Ajuji sai an binne waɗanda suka riga shi.

Na buɗe injin, na zare tsohon matacin, na ga ya yi baƙi ƙirin. Na wurga shi a kwando na sa sabon, fitila ta koma koriya. Sannan na leƙa ta taga, sai ga rumfar da 'yan jinya ke girki a ƙarƙashinta, taku goma kacal daga bango. Murhu uku na ci da ɗanyen icen damina, hayaƙi ya turnuƙe. Na ce to, ga ɓarawon nan.

Ni mutum ne mai saurin hawa, kun sani. Na fita na tara matan na yi musu faɗa kamar ni na haife su, na sa suka kwashe duwatsun murhunsu suka kai can bayan rijiya, inda ko inuwa babu. Ana yayyafi suna jan tukwane, ko a jikina. Na juya kan majo na ce masa ai shi ya kamata ya lura. Ya haɗiye maganar, ya ce, "To, Shef, an ji." Na koma Dutsi ina jin na yi aiki.

Ranar Alhamis, ko karin kumallo ban gama ba, wayata ta yi ƙara. Majo ne.

"Shef, rawaya ta dawo. Tun asuba injin ke gurnani, kuma lambar oksijan ɗin yaron na sauka."

"Wace rawaya? Mataci sabo na sa da hannuna, yau kwana uku!"

"Wallahi ita ce. Kuma matan ba su koma rumfar ba, ni da kaina nake dubawa."

Kabad ɗinmu wayam, waɗanda muka nema daga sama ba su iso ba. Na je wurin babban likita, ya ce an sake ruwa jiya, direban ambilans ya je ya duba ƙoramar ya dawo, sai dai ko jibi idan ba a ƙara wani ba. Ya dube ni ya ce, "Arzika, tafi ka yi abin da za ka iya. Ba ni da wani abin da zan ba ka."

Duk tsawon hanyar nan tunani ɗaya nake juyawa. Mataci ba ya mutuwa cikin kwana uku. Ko dai na sa shi ba daidai ba, ko kuma ciwon injin ya fi ƙarfin mataci, wanda idan haka ne ba ni da abin yi a ƙauye. Ina tsaye a bakin ƙorama, ana ɗaga mini moto, ruwa iya ƙirjin masu ɗauka, sai na tuna a ɗakin ajiyarsu akwai wani tsohon inji irin wannan da ya ƙone bara, wanda na sha cewa zan ɗauko in kai Dutsi ban ɗauko ba. Ban san halin da matacinsa ke ciki ba. Ban taɓa yi wa lalacina godiya ba sai ranar.

Na isa wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Tun daga ƙofa na ji kukan injin ya canza, yana nishi kamar jaki a kan tudu. Akwai wata 'yar na'ura da ake maƙala wa jariri a ƙafa, tana nuna yawan oksijan da ke jininsa. Ana son lambar ta wuce casa'in. Ta Ajuji tana tamanin da shida, leɓɓansa sun fara yin toka-toka. Hadiza ta zuba mini ido. Inna Kulu na jan wani zare a bakin zanenta, ba ta ɗago ba.

Na ruga ɗakin ajiya, wanda ƙofarsa ke kallon ta ɗakin yara. Na ture kwalaye na jawo mataccen injin, na kwance bayansa. Matacin ba sabo ba ne, ya ɗan yi ruwan ƙasa, amma da na ɗaga shi a haske na hura, iska ta wuce. Na ce alhamdu lillahi.

Saura canzawa, kuma a nan wahalar take. Dole a kashe injin, a kwance murfi, a sa mataci, a kunna, sannan a jira shi 'yan mintoci kafin oksijan ɗinsa ya yi ƙarfi. Duk wannan lokaci yaro na buƙatar numfashi. Suna da ƙaramar kwalbar oksijan ta ko-ta-kwana, amma allurarta ta kwanta a kan ja. Na tambayi majo minti nawa za ta yi.

"Ban sani ba, Shef. Ƙila goma, ƙila uku."

Na jera ƙarafuna a ƙasa bi da bi. Majo ya mayar da tiyon kan kwalba, na kashe injin. Ɗakin ya yi tsit, sai 'yar ƙarar numfashin yaron. Ƙusoshi huɗu ne a murfin. Uku suka fita lafiya, na huɗun ya ƙi, don ni da kaina na ɗaure shi da ƙarfi ranar Litinin cikin fushi. Hannuna na zufa, turnabis na zamewa. Majo na karanto mini lambar a hankali: tamanin da takwas, tamanin da bakwai. Na ce masa don Allah ya yi shiru. Na goge hannu a riga, na danna da duk nauyina, ƙusa ta juya. Na zare, na sa, na rufe, na kunna. Muka tsaya muna kallon fitila. Allurar kwalba ta faɗi ƙasa gaba ɗaya, sannan da kamar numfashi biyar koriya ta kama. Majo ya mayar da tiyo. Lambar ta yi ta rarrafe har ta kai casa'in da uku.

Na zauna a ƙasa. Amma hankalina bai kwanta ba, don na san abin da ya kashe na Litinin yana nan bai tafi ko'ina ba. Idan ya kashe sabo cikin kwana uku, wannan tsohon ba zai kai jibi ba, kuma bayansa babu wani a duk faɗin yankin.

Na ɗauki wanda na cire ina juya shi. Ba irin baƙin toka ba ne, ja-ja ne mai danƙo, yana manne wa yatsa. Na kai hannu zan share zufar da ke saman leɓena, sai wani ƙamshi ya buge ni. Na tsaya cak. Na kai matacin hanci. Nan take na ga kaina ina ɗan shekara shida a ɗakin kakata a Lugu, tana zagaya kaina da kasko ranar da zazzaɓi ya kama ni. Hano ne. Ɓawon itacen nan da ƙaronsa, wanda tsofaffinmu ke turarawa don korar mutanen ɓoye. Icen girki ba ya wannan ƙamshi.

Na ja majo waje na tambaye shi ko ana turare a ɗakin.

"A nan? Haram! Ranar da suka zo tsohuwar ta shigo da kasko, na ce mata shirka ce, na zubar da garwashin. Sau uku ina yi mata wa'azi. Ba ta sake ba."

Ban gaya masa abin da na shinshino ba. Na san idan ya ji, zai je ya tasa ta gaba, ita kuma ta rantse ba ta yi ba, mu tashi ba mu san komai ba. Kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Ko da tana turare a ɓoye, ai ɗakin zai riƙe ƙamshi, majo ya ji. Ɗakin kuwa ba ya ƙamshin komai sai sabulu. Ta yaya hayaƙi zai cika cikin inji bai taɓa labule ba?

Na tambaye shi yaushe ɗakin ke zama ba ma'aikaci. Ya ce sai dai lokacin salla, don shi ke limanci a ɗan masallacin bakin ƙofa, unguwarzoma kuma tana can ɗakin haihuwa. Da aka kira azahar na ce masa ya yi gaba, zan biyo shi. Na shige ɗakin ajiya, na bar ƙofar a ɗan buɗe, na tsuguna a bayan kwalaye. Allah ya yafe mini jinkirin sallar ranar.

Ba a fi minti biyar ba sai ga Inna Kulu ta ɓullo ta bayan gini, ta rufa wani abu da faifai a ƙarƙashin mayafinta. Ta waiga dama da hagu ta shige. Na taso a hankali na leƙa.

Ta durƙusa a bayan injin. Ta ajiye ɗan kasko cike da garwashi dab da soson, ta barbaɗa hano, ta sa faifai tana fifita hayaƙin zuwa bakin injin, tana magana ƙasa-ƙasa. Injin kuwa yana shanyewa tas, ko ɗigo ba ya tsira. Hadiza ta juya fuska bango. Sai na ga abin da ya fi hayaƙin haɗari: tiyon oksijan ya sauko daga gaban injin ya kwanta a kan tabarma, tsakaninsa da garwashin bai fi tafin hannu ba. Ku kun san abin da oksijan ke yi idan ya haɗu da wuta. Robar nan za ta kama ta bi tiyo a guje, kuma ƙarshen tiyon a hancin yaro yake.

Ihu ya taso mini har maƙogwaro. Da Arzikan ranar Litinin ne, da ya sake shi. Amma na san idan ta firgita, hannu ɗaya za ta kaɗa kaskon ya kife. Na haɗiye. Na cire takalmi, na shiga kamar mai shiga ɗakin suruka, na yi sallama da muryar da ban san ina da ita ba.

"Inna, sannu da aiki."

Ta ɗago, faifai ya tsaya a hannunta. Na durƙusa a gabanta, na sa ƙafa na janye tiyon a hankali, na ce, "Kawo in riƙe miki." Na ɗauki kaskon da hannu biyu. Zafinsa ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa, amma ban sake shi ba sai da na kai gindin itacen dogon yaron da ke tsakar gida. Tabon na nan a yatsuna, wanda ya so ya zo ya gani. Na koma da gudu na duba fitila. Koriya ce. Na dawo na tarar ta biyo ni, ta tsaya a kan kaskonta, idonta a bushe.

"Kai ma cewa za ka yi kahirci na?"

"A'a, Inna. Kakata 'yar Lugu ce, da hano aka rene ni. Tambaya ɗaya gare ni. Me ya sa a bayan injin?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta.

"Ba ta nan shika shan iska ba? Na aza hannu na ji shina ja. Kuma ku kunka ce abin da yas sha, shi ka zuwa hancin yaro. To in na turara ɗaki, rabi labule ka sha, rabi majo ya ji shi yi ta hwaɗa. Ta nan kuwa maganin duka cikin ƙirjinai za shi. Biyu aljana Doguwa ta ɗauke muna, ɗana. Wanga ba ni bari."

Tsohuwar nan ba ta taɓa shiga lakwal ta yi boko ba, amma ta gane yadda injin ke aiki fiye da wasu da na koya wa da allo. Abu ɗaya ne kawai ba ta sani ba, don ba wanda ya taɓa gaya mata akwai shi.

Na ce ta zauna. Na ɗauko farin bandeji sabo, na ninka, na riƙe shi a saman kaskon muna kallo. Kafin a jima tsakiyarsa ya yi rawaya, sannan ya yi ja-ja. Na miƙa mata. Na ɗauko matacin da na cire na ɗora mata a cinya, na ce ranar Litinin fari ne kamar bandejin nan.

"Inna, hayaƙi ba iska ba ce zalla. Akwai gari a cikinsa, ya fi garin da ya bi ta rariya laushi, ido ba ya ganinsa. Na hano da na icen tuwo duk ɗaya ne a nan. A cikin injin akwai wannan, shi ke tare garin kada ya wuce. Duk abin da kika turara tun ranar Litinin, ga shi nan a cinyarki. Bai isa wurin Ajuji ba. Amma da ya cika, sai ya toshe hanyar, numfashin ma ya daina isa. Shi ya sa kika ga leɓɓansa sun canza yau da safe."

Ta dangwala yatsa a takardar, ta murza, ta ga yadda yake danƙo. Ta daɗe tana kallon yatsan.

"Da babu abin ga, wanga duka cikin ƙirjinai za shi zamna?"

"Ƙwarai."

"Shi ƙirjin jinjiri, akwai mai tare mishi?"

"Babu, Inna. Kuma na cikin injin yanzu shi ne na ƙarshe. Idan ya toshe kafin hanya ta buɗe, ba ni da wani."

Sai ta fara magana, ba ni take kallo ba, kaskon take kallo. Ta ce na farkon da na biyun duk cikin sanyi aka haife su. Ita ta yi jegon. Ta toshe taga da tsumma, ta saki asabari a ƙofa, wuta ba ta mutuwa a ɗakin har arba'in, hano safe da yamma. Ta ce duk garin an san ba wanda ya kai ta iya jego. Dukansu da tari suka tafi.

Ta ɗago ta dube ni. Na san tambayar da ke bakinta, kuma na roƙi Allah kada ta yi ta. Ba ta yi ba. Ni ma na ce mata gaskiyar da na sani, cewa ni mai gyaran inji ne, ba likita ba, ban ga yaran ba, ba zan iya cewa ga abin da ya ɗauke su ba. Ta gyaɗa kai. Hawaye ya bi tsagar kumatunta ya sauka, ba ta share ba. Sannan ta ɗebi ƙasa da hannu biyu ta zuba a kan garwashin.

A haka majo ya dawo daga masallaci ya same mu. Ya ga kasko, fuskarsa ta haɗe, ya buɗe baki. Na riga shi, na ja shi gefe na ba shi labari. Na ce masa sau uku ya gaya mata haramun ne, sau nawa ya gaya mata abin da hayaƙi ke yi wa huhu? Ya sunkuyar da kai ya ce ko sau ɗaya. Na ce kada ya damu, ni ma na kori mata goma cikin ruwa a kan laifin da rabinsa ba nasu ba ne, kuma ban tambayi kowa komai ba. Da la'asar na je bayan rijiya na ba su haƙuri. Rumfar dai ba ta koma gindin taga ba, don hayaƙinta ma ba alheri ba ne ga ɗakin yara, amma ni da mai gadi muka kafa musu wata a can nesa.

Inna Kulu ta nemi abu ɗaya, a bar ta ta ɗaura ɗanyen ɓawon hano, wanda ba a ƙona ba, a ƙafar gadon. Majo ya dube ni, ya dubi sama, ya ce shi bai ga komai ba.

Ban koma Dutsi ba. Kwana biyun nan a gidan likitan na yi su, kuma ban taɓa kallon abu kamar yadda na kalli 'yar fitilar nan ba. Tsohon mataci ne, ya kuma sha hayaƙi na ɗan lokaci kafin in shigo, ban san sauran ƙarfinsa ba. Duk sanda gajimare ya haɗu ta gabas sai in fita in tsaya ina kallonsa. Ita kuwa Inna Kulu ta ɗauke tabarmarta ta shimfiɗa a bayan injin, daidai inda ta saba durƙusawa. Ranar Juma'a wani da ya zo dubiya ya tsaya a bakin taga da taba a hannu, ta fatattake shi har bakin titi.

Ranar Asabar da hantsi muka ji kukan ambilans. Ta zo da cikakkiyar kwalba. Da aka mayar da yaron kanta, na kashe injin na buɗe, na ga matacin saura kaɗan ya toshe. Ana shirin rufe ƙofar mota Inna Kulu ta sauko ta nufo ni, ta ce in ba ta wancan mai danƙon. Na ce me za ta yi da shi.

"Matan garinmu ba su yarda da magana. Sai sun taɓa da yatsa."

Na naɗe mata shi a leda, ta ƙulle a bakin zane.

Ajuji ya yi kwana tara a Dutsi aka sallame shi. Bara na bi ta garin gidan likitan, majon da ke can yanzu ya nuna mini shi yana kora awaki, ƙafafu duk ƙasa. Inna Kulu ta rasu. Hadiza ta ce mini ƙannensa biyu duk kakar ce ta yi jegonsu, taga a buɗe, wuta a waje, tsofaffin gari na ta surutu tana fito musu da ƙullin leda.

Abin da na koya shi ne, inji ba ya lalacewa shi kaɗai. Akwai hannun mutum a kusa, kuma sau da yawa mai hannun ba mugunta ta kawo shi ba, ƙauna ce da ba a yi wa bayani ba. Mu masu gyara mun iya kallon fitila da lamba, mun iya faɗa, amma tambaya na yi mana nauyi. Da na kai matacin farko hanci ranar Litinin, da yaron nan bai kai tamanin da shida ba. Saboda haka ku ci gaba da dariyarku. Amma duk wanda ya zare mataci a gabana, sai ya shinshina shi kafin ya yar.